Kada a wanke tukunyar da aka tono

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai albarka in ja hankalin masu haƙar rijiya, da magina masu tona harsashi, da manoma, da masu haƙar ma'adinai, domin su ne suka fi kowa cin karo da kayan mutanen da. Idan aka tono wani abu, idon jama'a kan abin kansa yake tsayawa, ana tambayar ko zai yi kuɗi. Su kuwa masu bincike, ƙasar da ta rufe shi, da dattin da ya manne masa, da gawayin da ke gefensa suka fi damunsu, don a nan shekarunsa da labarinsa suke. Manyan binciken da aka yi duk haka suka nuna.

A 2021 masu bincike na Jami'ar Bristol ta Ingila da Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa tsingaro sama da 450 na tukwanen mutanen Nok, wata tsohuwar al'umma da ta rayu a tsakiyar Nijeriya. Ƙasar yankin tana cinye ƙashi, shi ya sa ba a samun ƙasusuwan dabbobin da za su nuna abin da mutanen suke ci. Sai aka koma ga tukwane. Tukunyar yumɓu tana shan maiƙon abin da aka dafa ko aka ajiye a cikinta, maiƙon ya shige 'yan ƙofofin jikinta ya zauna dubban shekaru. Ana kankare saman tsingaron, a gutsuri kamar giram 2 a niƙe, a jiƙa garin da sinadarin da zai janyo maiƙon, sannan a sa a na'urar da ke rarrabe shi. Daga cikin waɗanda aka samu maiƙo a jikinsu, kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗauke da kakin zuma, abin da ya nuna mutanen suna cin zuma tun wajen shekara 3,500 da suka wuce. Da wani ya sa sabulu da soso ya wanke tsingaron nan, ko ya shafa masa mai don ya yi sheƙi, ko ya liƙa shi da gam, da sakamakon ya gurɓace.

Gero da waken Nok ma a ƙasa aka same su. Ana ɗiban ƙasa kamar lita 10 daga wuri guda, a zuba a bokitin ruwa a motsa. Yashi ya nutse, ƙwayoyin hatsin da suka ƙone su taso, a tare su da rariya mai ƙananan ido wadda ba ta wuce rabin milimita ba. Ƙwayar gero guda ɗaya ta isa a auna shekarunta.

Awon nan na shekaru, wanda ake kira kabon 14, yana da saurin lalacewa a hannun wanda bai sani ba. Duk abu mai rai yana tara wannan sinadari, idan ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na tafiya a kowace shekara 5,730. Bayan kamar shekara 50,000 abin da ya rage ba ya aunuwa. Idan sabon abu ya shiga samfurin, kamar tokar sigari, ko saiwar ciyawa, ko gam, sai a ga kamar bai tsufa ba. Kashi 1 cikin 100 kacal na sabon kabon ya isa ya sa abin da ya fi ƙarfin awo ya nuna kusan shekara 37,000. Idan kuma gas ko baƙin man inji ya zuba a kai, sai a ƙara masa tsufan da ba nasa ba, domin man fetur ba shi da kabon 14 ko kaɗan. Don haka ake ɗaukar gawayi da cokali mai tsabta, a naɗe a takardar alminiyom, a rubuta zurfin da aka same shi. Akwai kuma wata matsala ta daban: gawayin tsohuwar bishiya shekarun bishiyar yake nunawa, wataƙila ta girmi wutar da ta ƙone ta da ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa ƙwayar hatsi ta fi, tunda damina ɗaya ta yi.

Abin da ya wuce shekara 50,000 kuwa, yashi ake tambaya. A Kalambo ta ƙasar Zambiya an samu gungumen ice biyu da aka sassaƙa wa gurbi aka ɗora ɗaya kan ɗaya, aka sanar a 2023 cewa sun kai shekara 476,000, tun kafin bayyanar irin ɗan'adam na yanzu. An gane haka ne ta hanyar auna tsawon lokacin da ƙwayoyin yashin da suka binne icen suka yi ba su ga rana ba. Ana buga bututu marar shigar haske a jikin bangon ramin, a toshe bakinsa biyu, ba a buɗe shi sai a ɗaki mai ɗan jan haske. Idan aka kwashe ƙasar da shebur aka baza a rana, cikin ɗan lokaci wannan lissafi ya goge, kuma babu yadda za a dawo da shi.

Jiƙaƙƙen ice ma yana da nasa sharaɗi. Kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, kuma babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka da ya girme shi. Labari ya kai ga hukuma, masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tone shi a 1994. Irin wannan ice ruwa ne ke riƙe da surarsa, domin cikinsa ya riga ya zagwanye. Yana bushewa zai motse, ya tsattsage, ya karkace. Wanda ya gamu da irinsa ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu da leda, ya mayar da danshin ƙasa a kai. Masu adanawa kan jiƙa shi a wani sinadari mai kama da kaki har ya maye gurbin ruwan, aikin da kan ɗauki shekaru idan icen babba ne.

Ƙasusuwan mutane sun fi komai bukatar ladabi da haƙuri. A Gobero ta hamadar Tenere a Nijar, inda ayarin wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, ya gano maƙabarta mai kabari wajen 200 a 2000, an samu wata mace da yara biyu an binne su suna rungume da juna. Garin fure da aka gano a ƙasar kabarin ya nuna a kan furanni aka kwantar da su. Tsintsiya ɗaya da ta share wannan shaida.

To me mutum zai yi idan diga ta taɓa wani abu? Ya tsayar da aiki a wannan ɓangaren. Kada ya ja abin, domin rabinsa na iya zama a manne da ƙasa. Ya ɗauki hoto da waya daga sama da gefe, ya ajiye awon magina ko wani abu sananne kusa don a gane girmansa, ya auna zurfi daga doron ƙasa, ya adana wurin a taswirar wayarsa. Ƙasar da ta riga ta fita a tara ta gefe guda, kada a haɗa ta da wata. Abin da ya riga ya fito kuma a bar shi da ƙasarsa, busasshe a ajiye shi a bushe, jiƙaƙƙe a bar shi da danshi. A rufe ramin da tanfol, a sanar da mai unguwa ko dagaci da gidan tarihi mafi kusa. Hoton kuma kada a sa shi a Facebook da sunan wurin, don masu tonon sata su ma suna karantawa, kuma mafi yawan wuraren Nok da masana suka ziyarta sun tarar an riga an birkice su.

A Nijeriya dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana tono ba izini, ta hana cinikin irin waɗannan kaya sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba takarda. Ina ganin laifi ne a bar talaka da tsoron cewa idan ya kai rahoto za a ƙwace masa fili ko a kama shi, domin wannan tsoron ne ke sa a yi shiru a sayar a ɓoye. Ya kamata hukumar ta fitar da lambar waya a harsunan gida ta rediyo, ta kuma riƙa zuwa da wuri don kada aikin mai gini ya tsaya makonni. Wakilanka kuma, Malam Edita, idan sun je ɗauko irin wannan labari, su tambayi zurfin da aka samu abin, da wanda ya taɓa shi, da inda aka zubar da ƙasar.

Wassalam.

Daga wani mai nazarin kayan tarihi