A Daina Wargaza Tsarabar Sojan Ruwan Amurka na 1907

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani ɓangare na tarihi da ba a cika kula da shi ba, wato tsarabar da ƙananan sojojin ruwan Amurka suka kawo gida daga zagayen duniya na shekarun 1907 zuwa 1909, da kuma yadda 'yan kasuwar kayan tarihi ke wargaza ta a yau.

A ranar 16 ga Disamba 1907 ne jiragen yaƙi goma sha shida, an shafe su da farin fenti, suka tashi daga Hampton Roads a jihar Virginia bisa umarnin Shugaba Theodore Roosevelt, ɗauke da sojoji kimanin 14,000. Tun da ba a buɗe mashigin Panama ba tukuna, sai da suka kewaya Kudancin Amurka ta mashigin Magellan, suka isa San Francisco, daga nan suka tsallaka zuwa Auckland da Sydney da Manila da Yokohama da Colombo, suka bi ta Suwez, suka komo gida ranar 22 ga Fabrairu 1909. Littattafan tarihi sun wadatar da mu da abin da Roosevelt yake nufi, wato ya nuna wa Japan da Turai ƙarfin ƙasarsa. Amma yadda tafiyar ta kasance ga yaron da ke cusa kwal a tukunyar jirgi, wannan sai a akwatinsa ake samu.

A irin wannan akwati akan tarar da katuna masu hoto da kan sarki da hatimin gidan waya na kowace tasha, da ƙyallen siliki mai ado da aka saya a Yokohama, da lambobin tunawa da biranen Ostireliya suka raba, da takardun gayyata zuwa liyafa. Akan kuma tarar da hoton da kusan kowa ya so ya ɗauka sa'ad da jiragen ke ratsa Suwez a Janairun 1909: sojoji a kan raƙuma a gaban dalar Giza ta Masar, hula a karkace, ɗan rakiya na riƙe da akala. Hotunan da suka fi taɓa ni su ne na ranar lodin kwal, domin da hannu da kwando ake yin aikin, kuma fararen jiragen da mutanen cikinsu duka sukan koma baƙi ƙirin. Idan aka juya katin, sau da yawa akwai layi biyu ko uku da fensir, wanda soja ya rubuta wa mahaifiyarsa, kuma a ganina wannan rubutu ya fi hoton daraja.

Abin da ke damuna shi ne, dillalai a kasuwannin intanet sun gano cewa kati ɗaya ɗaya ya fi kawo kuɗi a kan albam guda. Saboda haka sukan ɓalle hotuna daga shafukansu, su sayar da na Masar ga wannan, na Japan ga wancan, su jefar da shafin da sunan jirgi da kwanan wata ke rubuce. Tsintsiya ce aka kwance. Wanda ya sayi hoton wasu sojoji a cikin ɓaraguzai ba zai san cewa birnin Messina na ƙasar Italiya ne ba, inda girgizar ƙasa ta afku ranar 28 ga Disamba 1908 kuma aka karkata wasu jiragen domin kai agaji, sai fa idan shafin da ke gabansa da na bayansa suna nan.

Ina kira ga masu sha'awar tara irin waɗannan kaya, kuma na san akwai su cikin masu karanta wannan jarida, da su nemi tarin mutum guda cikakke ko da ya fi tsada, su bar kowane hoto a inda mai shi ya liƙa shi, su adana shi nesa da danshi da rana, su kuma ɗauki hoton gaba da bayan kowane kati kafin fensirin ya dushe. Ku kuma, ya Edita, idan za ku buga irin waɗannan hotuna a shafin tarihi, ina roƙon ku haɗa da abin da aka rubuta a bayansu.

Na gode,
Mai karanta jaridarku, daga Kaduna