Kafin mu ce wannan ne ya jawo wancan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini, don akwai wata jimla da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya a shafukan lafiya na jaridunmu da gidajen rediyo: "bincike ya gano kaza na haddasa kaza." Na yi shekaru ina aikin malamin asibiti kafin na yi ritaya, kuma na san kalmar "haddasawa" tana da nauyin da ba kowane bincike ke iya ɗauka ba.

A daminar da ta wuce na tarar da maƙwabciyata ta fizge gasasshiyar masara daga hannun jikanta tana faɗa, wai ita ke kawo masassara. Hujjarta, duk shekara da masara ta nuna sai yara su kwanta. Ba ƙarya ta yi ba, suna kwantawa. Sai dai ruwan da ya raya masarar shi ya cika kududdufin bayan gidanta, sauro ya hayayyafa. Na ce mata, Inna, bar shi ya ci, ki ɗaura masa gidan sauro.

Abin da ya koya mini wannan darasi da zafi shi ne bala'in da ya auka wa jiharmu ta Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, yara ƙanana suka riƙa amai da taune-taune suna mutuwa. Lokacin zafi ne, lokacin sankarau, ga zazzabin cizon sauro da bai taɓa barinmu ba. Biri ya yi kama da mutum. Wallahi da ni aka kawo wa yaran, ɗayan biyun nan zan rubuta a kati. An ba da magungunan, yara ba su tashi ba. Wannan rashin jin magani shi ya sa likitocin ƙungiyar Na Gari Na Kowa suka tsaya suka sake tunani, aka ɗebi jini aka kai gwaji, aka tarar da gubar dalma mai yawan gaske.

To amma samun dalma a jini bai gama magana ba, sai da aka bi gida-gida ana tambaya. Yaushe mutuwar ta fara, kafin a soma shigo da duwatsun zinare cikin gari ko bayan nan? A wane gida aka fi rasa yara? Aka ga gidajen da ake daka dutse a turmi ko shanya garinsa a tsakar gida sun fi yin asara. Aka auna ƙasar da jarirai ke rarrafe a kai suna kai hannu baki, ita ma cike da dalma. Har agwagi an ce sun riga yara mutuwa, ba wanda ya kula. A ƙauyuka biyu da aka ƙirga, kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda aka rasa ta haura 400. Da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aka hana niƙa a cikin gari, aka ba yara maganin fitar da gubar, mutuwar ta ragu ƙwarai. Kowace hujja ta tallafi 'yar uwarta, shi ya sa maganar ta zauna.

Irin waɗannan tambayoyi wani masani ɗan Ingila, Austin Bradford Hill, ya tattara a 1965, shekara goma sha biyar bayan shi da Richard Doll sun nuna alaƙar taba sigari da sankarar huhu. Ya kawo abubuwan dubawa guda tara, amma bai ce sai sun cika duka kafin a motsa ba. Wannan ma ina so a riƙe, domin jiran hujjar da babu ko ƙwayar shakka a cikinta jinkiri ne da ake biya da rayuka. A ƙauyen Bagega da ke Anka ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar ba sai 2013, alhali an san musabbabin tun shekara uku kafin nan. A 2015 kuma gubar ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara.

Roƙona gare ku, Malam Edita, idan rahoton bincike ya zo teburinku, wakilinku ya tambayi mutum nawa aka duba, da su wa aka kwatanta su, kuma wanne ya riga wani zuwa. Idan abin da aka gani alaƙa ce kawai, a rubuta alaƙa. Jama'armu na ɗaukar abin da kuka buga da muhimmanci; na sha ganin mara lafiya ya ajiye maganinsa saboda kanun labari guda da ɗansa ya karanta masa.

Naku,
Tsohon malamin asibiti,
Gusau.