Maganar Abba da ajin kimiyya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Legas, ya iyali, ya fama da cunkoso? Mu nan Zazzau hunturu ya kankama, ƙura har cikin kunne.

Na saurari saƙon muryarka kuma na ji ranka a ɓace yake. Ka ce Abba zai shiga SS1 ya kafe shi ajin adabi yake so, kai kuma tun yana firamare ka gama yanke masa likita, har kana kawo min maganar icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To Alhaji, tanƙwarawar nan ai ta sallah ce da gaskiya da gaida manya, a nan ni ma ba na ɗaga ƙafa ko kaɗan. Amma inda basirar yaro take ba kai ka zuba masa ba, Allah ne.

Ka dai san 'yan biyuna. Tun suna jarirai komai iri ɗaya, shadda ɗaya hula ɗaya, ko kiransu ma sai dai ka ji "kai 'yan biyu ku zo nan". Sallar bara Usaini ya same ni a zaure yana ta murza hularsa ya kasa kallona, da ƙyar ya ce Baba don Allah a gaya wa tela kar a yi masa aiki irin na Hassan, kuma shi ya gaji a makaranta a kira shi Hassan ya amsa. Kakarsu ta tada rigima wai ba a bambanta wa tagwaye kaya, ni dai na lallaɓa ta aka ɗinka masa tasa daban. Wallahi yaran nan fuska ce kawai ta haɗa su. Hassan surutu da ƙwallo da lissafi, Usaini kuwa sai ya wuni bai ce uffan ba, amma juya bayan littafinsa ka ga ya zana ƙofar fadar Sarki har da dagin jikinta. Na hana kowa a gidan cewa "dubi ɗan'uwanka", har uwarsu.

Kuma wa ya ce maka ajin adabi na raggaye ne? Lauyoyin da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ke yayewa a harabarta ta Kongo daga wane aji suka fito? Su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da duniya ta sani da zane a nan Zariya suka yi karatu, ƙungiyarsu ta masu zane tun 1958 suka kafa ta, ABU ma sai 1962 aka buɗe. Likitanci shekara 6 ne in ba yajin aiki, mai so ma ya sha wuya bare wanda aka tura, ni da kai mun san wanda ya dawo gida daga aji biyu yana jin kunyar haɗa ido da babansa.

Ka ɗauke shi a mota ku biyu kawai, ka tambaye shi me yake hange, ka yi shiru ya gama, na san ka da katse mutum. In dalilinsa tsoron lissafi ne kawai wannan da sauƙi, malamin lesin ya isa. In kuma da gaske yake ka bar shi, ka sa masa albarka.

Hutun nan ka turo min shi, zan kai su Samaru shi da Usaini su zaga jami'a su ga yadda take. Ka gaida Hajiya da yara, kilishin da ka ce yana nan tafe.

Naka,
Baban 'yan biyu