Zuwa ga Habu a Alƙahira, sakamakon Zainab ya fito

Assalamu alaikum Habu,

Ya karatu, ya baƙunta, ya zafin can? Mu nan Kano sai dai addu'a, ɗaki ba ya kwanuwa, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Na san kana can kana cewa na share ka tun saƙon muryar da ka turo sati uku da suka wuce, wallahi sau biyu na saurara, maganar filinka na Kumbotso da maganar karatun da kace ba ya zama a kanka duk ina sane, jira kawai nake sakamakon JAMB ɗin Zainab ya fito don kar in gaya maka abin da ban ga ƙarshensa ba. To ya fito. 268 Habu! Yarinyar da bara ta ci 187, bara waccan ma ba ta kai haka ba. Hajiya tana ji ta faɗi ta yi sujjada a nan bakin murhu, Gwaggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa aka sa wa rana.

Ka san Zainab ba malalaciya ba ce, shi ya sa abin ya daɗe yana cin raina. Shekara biyu tana kaiwa biyun dare da fitilar caji, littafin bayolojinta kuwa duk ta shafe shi da maka, rawaya nan kore can, har ka rasa inda ba ta ja wa layi ba. Wata rana bayan isha'i nace mata rufe littafin ki faɗa min yadda jini ke shiga zuciya ya fita, abin da ta gama karantawa kenan sau huɗu. Ta buɗe baki ta tsaya, tace Yaya wallahi na sani, yana bakina. Na buɗe mata shafin tace yauwa ai shi ne. Anan na gano ciwon. Ido ya saba da shafin, da ta gani sai ranta ya ce mata ta iya, alhali hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuma a ɗakin jarabawa ba mai buɗe maka shafi.

Kai ma abin da ke damunka kenan, ka daina ce min ƙwaƙwalwa ta tsufa. Shekara 34 ne tsufa? Mutumin da har yau ya riƙe lissafin kuɗin shayin da Nura ya ci masa tun muna aji uku, shi ne zai ce ba ya riƙe abu, haba Malam Habu.

Akwai wani bincike da wasu Amurkawa biyu, Roediger da Karpicke, suka fitar a 2006, shi ya fara tsayar da ni. Sun ba ɗalibai gajeren rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma sau ɗaya suka zauna kansa sai aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatun ne a gaba. Amma da aka dawo bayan sati ɗaya sai labari ya juya, masu maimaitawa kashi 40 cikin 100 suka tuna, masu gwada kansu kuwa kashi 61. Abin da ya fi taɓa ni, masu maimaitawar su suka fi yarda da kansu cewa za su tuna. Zainab kenan sak.

Ina karanta wannan sai Malam na Ƙofar gida ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa. Ka tuna ba ya bari ka wanke allo sai ka kife shi ka kawo da ka? Ka tuna tilawar asuba, da yadda yake tsare mu sai mun yi bitar na baya kafin ya biya mana sabo, mu kuma muna ta ƙunƙuni muna son a ƙara mana? Ashe duk abin da Turawan nan suka zauna suka auna da lissafi shi alarammominmu ke yi tun kaka da kakanni. Ai ka fi ni sanin hadisin da ya ce a riƙa bibiyar Alƙur'ani don ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Mu ne da muka shiga boko muka ajiye wannan tarbiyyar a bakin ƙofar aji, muka koma jan layi a handawut da kwanan zaune daren jarabawa.

Sai na zauna da ita muka canza tsari gaba ɗaya. Ta karanta babi ɗaya, ta rufe, ta ɗauki farar takarda ta zubo duk abin da ta tuna, sannan ta buɗe ta duba inda ta yi giɓi, giɓin kaɗai za ta koma wa. Sati biyun farko kuka ta riƙa yi fa, tace na rage mata sauri, da can tana cinye babi uku a dare yanzu ɗaya ma da ƙyar, kuma kullum takardar tana nuna mata abin da ba ta sani ba. Ina gaya maka wannan ne don kai ma za ka ji haka, za ka ji kamar baya kake ci. Wannan wahalar laluben da kake yi cikin kanka ita ce ke kafa abin, kar ka gudu daga gare ta.

Na biyu shi ne tazara. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, tun 1885 ya gwada a kansa, ya yi ta haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna yadda suke zubewa, ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta lafa, kuma bitar da aka raba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Don haka abin da ta koya yau za ta taɓa shi gobe, sai bayan kwana uku, sai sati, sai wajen wata. Mun yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba amsa a baya, muka samu gwangwanin madara uku. Na farko kullum ake buɗe shi, na biyu duk kwana uku, na uku ranar Asabar. Katin da ta ci ya haye gwangwani na gaba, wanda ta faɗi ya dawo na farko ko da ya kai na uku. Dabarar wani ɗan jarida ce, Sebastian Leitner, a shekarun 1970. Kai da kake da babbar waya sauke manhajar katunan bita mai suna Anki kawai, ita za ta riƙa lissafa maka ranar da kowane kati zai dawo, kuma tana ɗaukar Larabci lafiya lau.

Af, kafin in manta, bikin Nura an ɗaga zuwa bayan babbar salla, wai dangin amarya na Damagaram ba za su samu zuwa ba kafin nan. Ya ce in gaya maka ko ba ka zo ba kuɗin ankonka na nan a rubuce. Sale mai shayi kuma ya tashi daga bakin masallaci ya koma kusa da mai faci, majalisa duk ta bi shi, bencinka dai har yau ba wanda ya gaje shi don ba mai iya surutunka.

To ina muka tsaya, yauwa. Waya. Wannan sai da Hajiya ta sa baki. In za ta zauna sai ta miƙa wa Hajiya wayar, ta yi minti 25 ba ɗaga kai, ta huta biyar, in ta yi zagaye huɗu ta tashi ta sha iska sosai. Kuma na hana kwanan zaune, sha ɗaya ta kwanta, don a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka zuba mata da rana, wanda ya hana kansa barci kamar mai ɗiban ruwa ne da kwando. Bayan asuba ta fara da gwangwaninta kafin komai.

Wata biyu kafin jarabawa muka koma tambayoyin shekarun baya, da agogo a gabanta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato sakan 40 kowace ɗaya, in ba ka saba ba lokaci zai cinye ka ko ka sani. Kuma ba na bari ta yi kemistiri zalla yini guda, sai in cakuɗa mata da fizis da bayoloji, har cikin darasi ɗaya ina haɗa mata lissafi iri daban daban don ta koyi gane wace dabara tambaya ke nema. Ta buɗe wani ƙaramin littafi na kurakurai kaɗai, duk wadda ta faɗi ta rubuta dalilin faɗuwar. Abin da ya fi ba ni sha'awa, da yamma sai ta zaunar da Hajiya tana tsintar shinkafa ta yi mata bayanin aikin ƙoda da Hausa, in ta kakare ta san nan ne ba ta gane ba. Yanzu Hajiya har faɗa take wa Abba kan gishiri.

Kai naka nahawu ne da balaga, amma duk hanya ɗaya ce. Baitocin da ka haddace ka riƙa kawo su da ka kana tafiya masallaci, amma kar ka tsaya nan, ɗauko layin da ba wasali ka yi masa i'irabi da kanka a takarda kafin ka leƙa sharhi. Ka samu ɗaya daga cikin yaran nan 'yan Indunusiya da kace kuna ɗaki ɗaya ku riƙa yi wa juna tambayoyi bayan magariba, ko minti 20 ne. Jarabawarku saura sati shida kace ko? Ya isa wallahi, in dai yau ka fara ba jibi ba, don na san halinka da in sha Allahu gobe.

Zainab likitanci take so, yanzu sai jarabawar tantancewa da jami'a ke yi da kanta bayan JAMB, ta riga ta wanke gwangwanayenta ta sake cika su. Ka sa ta a addu'a dan Allah. Hajiya na gaishe ka, tace yajin da kilishin suna nan ta ɗaure, jira take a samu mai tahowa. Jiya da daddare an yi hadari har da iska amma ko ɗigo bai sauka ba. Ka gaida su Malam Isa, kuma ka turo min hoton farar takardarka ta farko in gani, ko da rabinta babu komai.

Naka,
Baban Ummi