Wasiƙa zuwa ga aminina game da rabuwar Bulus da Barnaba

Zuwa ga aminina, ɗan'uwana cikin Almasihu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da maiɗakinka da yara, ina sanar da kai cewa wasiƙarka ta iso, kuma ta taɓa mini zuciya ƙwarai. Ka ce masu bishara biyu da ikilisiyarku ta aika ƙauyuka sun saɓa har kowa ya kama gabansa, ka kuma tambaye ni ko irin wannan ta taɓa faruwa tsakanin manzanni. Ta faru tsakanin Bulus da Barnaba, kuma Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, bai ɓoye ta ba. Tana cikin Ayyukan Manzanni sura 15, daga aya ta 36.

Kafin ka karanta, ka tuna irin zumuncin da ke tsakanin mutanen nan biyu. Barnaba Balawi ne, mutumin Kubrus, sunansa na yanka Yusufu, manzanni ne suka yi masa laƙabin da ke nufin mai ƙarfafa zuciya. Sa'ad da Shawulu, wato Bulus, ya zo Urushalima bayan tubansa, masu bi suna gudunsa don tsoro, Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni. Shi ne kuma ya taka har Tarsus ya nemo shi ya kawo shi Antakiya, inda suka shekara suna koyarwa tare. Suna tare a Listira ranar da aka jejjefi Bulus da duwatsu har aka zaci ya mutu, kuma a taron Urushalima, wajen shekara ta 49, bakinsu ɗaya ne cewa kada a ɗora wa al'ummai nauyin kaciya, wato masu bi waɗanda ba Yahudawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, bayan sun tsallake wannan babbar gardama ta koyarwa, batun saurayi guda ne ya raba su. Da suke shirin komawa su ziyarci masu bi a garuruwan da suka yi bishara, Barnaba ya so a tafi da Yohanna Markus, Bulus kuwa ya ƙi, domin Markus ya taɓa barinsu a Bamfiliya ya koma gida aiki bai ƙare ba. Maganar ta yi zafi har Barnaba ya ɗauki Markus suka shiga jirgin ruwa zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila suka bi ta Suriya da Kilikiya. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa.

Luka bai yanke hukunci ba, amma ni zuciyata tana wajen Barnaba. Na san Markus ɗan'uwansa ne na jini, kamar yadda Kolosiyawa 4:10 ta nuna, wani zai iya cewa son dangi ne ya motsa shi. Duk da haka, abin da ya yi wa Markus shi ne ainihin abin da ya taɓa yi wa Bulus, wato tsaya wa mutumin da kowa ya fid da rai da shi. Ba na cewa Barnaba ba ya kuskure. A Galatiyawa 2, lokacin da Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya, har Barnaba ya biye masa, kuma a nan gaskiya tana wajen Bulus da ya tsauta wa Bitrus ido da ido.

Shekaru sun wuce, Bulus ya ambaci Barnaba a 1 Korintiyawa 9:6 a matsayin abokin aiki mai ci da guminsa. Daga kurkuku kuma, a 2 Timoti 4:11, ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi wajen hidima. Duk sa'ad da na zo wannan ayar sai na dakata, ina tunanin tsohon da ya nemi yaron da ya taɓa ƙi.

Saboda haka ina roƙonka, kada dattawanku su yi hanzarin janye hannu daga ɗayansu. Ka ziyarci kowannensu a inda yake aiki, ka saurare shi, sa'an nan ka rubuto mini ko saɓanin nasu na koyarwa ne ko kuwa a kan mutum ne, domin in san yadda zan sa su cikin addu'a.

Ka gai da mutanen gida da dukan 'yan'uwa.

Naka amini har kullum.