Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

An gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da lokacin jarrabawa.

Abin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne ziyarar da muka kai layin jirgin ƙasa na yara da ke tsaunukan Buda, a nan Budapest, babban birnin ƙasar Hungary. Mun shiga jirgin a tashar Széchenyi-hegy muka sauka a Hűvösvölgy, tafiyar kilomita 11.7 a cikin kurmi, kuma tun daga mai sayar da tikiti har mai duba shi, da mai ba jirgi izinin tashi, duk yara ne 'yan shekara 10 zuwa 14 sanye da kayan aiki, suna sara wa jirgin idan zai wuce. Tuƙi kuwa an bar wa manya. A gidan tarihin da ke Hűvösvölgy muka ga yadda abin ya faro. An buɗe kashin farko ranar 31 ga Yuli, 1948, aka kammala layin a 1950, a zamanin gwamnatin gurguzu, wadda ta kwaikwayi irin layukan yara na Tarayyar Sobiyet ta kuma raɗa masa sunan ƙungiyar matasan gurguzu ta Hungary. Bayan faɗuwar wannan mulki aka mayar da sunan zuwa Jirgin Yara a 1990, amma ba a rufe shi ba, kuma har yau kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, MÁV, ke kula da shi.

Faɗin dogon milimita 760 ne kacal. Wannan ya taɓa zuciyar waɗanda suka fito daga Zariya da Filato, domin tsohon ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru faɗinsa milimita 762 ne, aka rufe shi a 1957. A ganina wannan ne darasin da ya fi kowane girma a ranar: ƙaramin dogo irin wanda muka rasa a gida, ga shi nan ana horar da yara a kansa fiye da shekara 70.

Game da ɗan littafin tarihin layin da muka yi alkawarin fitarwa da Hausa, ina so a fahimci cewa ba sakacin kwamiti ba ne ya hana shi fita. An gama rubutu, an tace, an tara hotuna. Kuɗin bugawa ne babu, saboda akasarin membobi ba su biya kuɗin shekara ba, duk da tunatarwar da na riƙa aikawa a WhatsApp har na fara jin kunyar maimaitawa. Ko kuɗin tikitin ziyarar ma wasu mutum kaɗan ne suka cike gibin daga aljihunsu, kuma Allah Ya saka musu da alheri. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne waɗanda ba sa zuwa taro, ba sa amsa saƙo, amma su ne kan gaba wajen tambayar ina littafin ya kwana.

Duk wanda ƙungiya ke bin sa bashi ya same ni kafin taron farko na sabuwar shekara, domin da wannan kuɗin za mu kai littafin maɗaba'a.

Ma'ajin ƙungiya