Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Hausawa kan sharar da ta toshe mana unguwa a Gadarif ta ƙasar Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa irin ta 'ya'ya ga ubansu, mu magidanta da iyaye mata da ke zaune a gefen rafin Khor Abu Farga muke durƙusawa gabanka da kukanmu, domin duk ƙofar da muka sani mun riga mun buga.

A ruwan daren Juma'ar da ta wuce, bolar bakin kwalbati, wadda ta yi watanni ba a kwashe ba, ta toshe hanyar ruwa. Ruwa ya juyo mana cikin gidaje ɗauke da leda da kashin awaki da mushen kaji. Wata gyatuma a kan gado ta kwana, rungume da jikanta. Dawar da mutane suka ɓoye don cin damina ta jiƙe a buhu. Gari na wayewa, ana cikin kwalfe ruwa da bokiti, sai ga mai karɓar kuɗin nifayat, wato kuɗin shara, da littafin rasit a hammata. Ranka ya daɗe, ba don dattawa sun riƙe samari ba, da yau wata magana ake yi.

Sarki ya fi mu sanin cewa a Satumban 2023 a nan Gadarif aka shelanta ɓarkewar kwalara, ta kuma sake dawowa a daminar 2024. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023, 'yan'uwa daga Hartum da Wad Madani da Sinja suka sauka a wurinmu. Gida ɗaya iyalai biyu ko uku. Shara ta ninka, motar kwashewa kuwa sai dai labarinta. Mun je ofis, mun rubuta, mun aika wakilai, mun yi gayya da shebur da kwanduna, amsar ba ta wuce babu mai ko mota ta lalace.

Ana yaɗa cewa mutanen unguwarmu ba sa son biya. Wannan magana ta yi mana ciwo. Mu da muke sayen ruwa a karo, wato amalanken jaki, kullum, muke biyan kuɗin ƙarin ruwa a asibiti idan yaro ya kama gudawa, kuɗin shara ne zai gagare mu? Mun zauna a ƙofar masallaci mun yarda: ko an ƙara, za mu biya, matuƙar za mu ga aiki da idonmu.

Muna roƙon Mai Martaba ya isar mana ga hukuma a kwashe bolar nan, a buɗe kwalbatin kafin wani ruwan. A tsayar mana da ranar zuwan mota. In mota ta gagara, a ba mu izini mu ɗauki masu karo daga cikin samarinmu, mu biya su daga kuɗin nan, wani dattijo amintacce ya riƙe lissafi. A ɗauke wa zawarawa da 'yan gudun hijira, mu za mu cike gurbinsu. Kuma don Allah, ranka ya daɗe, kada a sake turo mana mai rasit sai mota ta riga shi zuwa. A buɗe kwalbatin nan, damina ba ta ƙare ba.

Allah ya taimaki Sarki.

Masu biyayya,
Dattawa, iyaye mata da samarin unguwa